Gidan Da Babu Takalmi A Ƙofarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar ture-ture.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun yi tsit!

Can a ƙasar Turawa, inda ƙanƙara take saukowa fara fat kamar auduga ta rufe hanya, akwai wani tsoho ana ce masa Baba Mai Buhu. Gemunsa har cibiya. Shekara guda cur yake yi yana sassaƙa kayan wasa, yana ɗinka huluna da riguna. In sanyi ya kai maƙura, ranar bikinsu ta zo, sai ya cika buhu, ya ɗora a kan keken katako marar ƙafa, Barewarsa ta ja shi a kan ƙanƙara.

Ga yadda al'adarsu take. Kowane yaro zai goge takalminsa, ya cusa ciyawa a ciki domin Barewa, ya ajiye a bakin ƙofa. Da asuba tsoho ya iso, Barewa ta cinye ciyawa, shi kuma ya cika takalmi da kyauta. Ba ya sallama, ba ya tambayar kowa. Tsohon kirki ne, amma akwai shi da taurin kai. Yadda ya tarar ana yi, haka yake yi.

To, a ƙarshen gari akwai wata bukka ta mai sayar da gawayi. Da suka zo wucewa, sai Barewa ta ja birki.

"Baba, ina jin ƙanshin ciyawa."

"Kin ga takalmi?"

"Ban gani ba."

"To babu yaro. Mu je, ke dai kwaɗayi ne zai kashe ki."

Suka wuce.

Shekara ta zagayo. Barewa ta sake tsayawa a ƙofar bukkar.

"Baba, ga ƙanshin nan kuma. Har tari nake ji, tarin ƙaramin mutum."

"Kin ga takalmi?"

"Haba Baba, leƙawa kawai za ka yi!"

"Ni da gemuna in riƙa leƙa ɗakin mutane? In suna da yaro sun san abin da ake yi."

Ya kaɗa linzami, suka wuce. A hanya zuciyarsa ta ɗan sosa shi, amma da aka tarbe shi da shayi mai zafi a gida sai ya manta.

A shekara ta uku Barewa ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta shinshina, ta sake shinshinawa. 

Tsoho ya ce, "Yau kuma ba ki da magana?"

"Baba, bana babu ƙanshi. Babu tari."

Tsoho ya saki linzami. Ya sauko, ya ƙwanƙwasa ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Wata mata ta buɗe, hannuwanta baƙi ƙirin da gawayi. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ashe dai kana zuwa ta nan, Baba."

"'Yata, akwai yaro a gidan nan?"

"A da akwai. Sunanta Marita. Ba ta taɓa mallakar takalmi ba, tsumma nake naɗa mata a ƙafa. Duk shekara sai ta tsinto ciyawa ta ajiye maka a ƙasa, ƙanƙara ta rufe. Bara ta ji ƙararrawar kekenka ta wuce. Ta fita a guje, tana bin sawun kekenka, wai za ta gaya maka tana nan. Da rana tsaka muka same ta a bakin daji. Sanyi ya riga ya shiga ƙirjinta. Ba ta kai ƙarshen watan ba."

Tsoho ya zauna daɓas a kan ƙanƙara. Ya buɗe buhu, ya ce, "Ɗauki abin da kike so. Ɗauki duka."

Matar ta ce, "In ba wa?"

Ta mayar da ƙofa a hankali.

Yara, ran nan Baba Mai Buhu ya yi kuka har hawaye suka daskare a gemunsa. Barewa mai yawan surutu ba ta ce masa "na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi masa zafi.

Tun daga nan bai ƙara yarda da bakin ƙofa ba. Duk gidan da ya je, sai ya hau rufi, ya bi ta bututun hayaƙi da ƙaton tumbinsa, toka ta ɓata masa riga, ya duba da idonsa ko akwai yaro a ciki. Shi ya sa har yau ake cewa ta can yake shiga. Yaran garin suna yi masa dariya. Shi kuwa in ya zo ƙarshen gari, sai ya cire hularsa ya wuce bukkar nan a ƙasa.

Wanda za ka yi wa alheri, ka neme shi da ƙafarka. Mai tsananin buƙata sau da yawa ba shi da ko abin da zai nuna maka yana nan.

Ƙurunƙus kan kusu. In da ƙarya a ciki, ba daga bakina ta fara ba.