Wa Ya Buɗe wa Malam Barau Ido?

To jama'a, ku gyara zama. Ga wata nan ta zo muku, kuma ba za ta tafi ba sai kun yanke mata hukunci.

A can kan duwatsu, a wani ƙauye da ake kira Tudun Gwanki, an yi wani dattijo, Malam Barau direba. Shekara arba'in yana hawa yana sauka da wata tsohuwar motar daji da mutane suka sa wa suna Kafi-Raƙumi, don ba ta san laka ba, ba ta san kwazazzabo ba. Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Ita ma motar, giyarta ta yi wani ƙara rannan ta tsaya cik, aka tura ta gindin tsamiya, kaji suka mayar da ita wurin ƙwai. Kullum da hantsi Malam Barau yakan lallaba ya shafa ƙofarta, ya ce, "Ni da ke duk mun zauna."

Ana nan, cikin tsakiyar damina, ran wata Litinin, sai labari ya zo cewa likitocin ido sun sauka a birni suna cire yana, amma ran Juma'a za su tashi. Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai rafi uku, duk sun kawo. Babur ba ya wucewa, ƙafafun tsoho kuwa ko masallaci da ƙyar suke kai shi. Malam Barau ya kira 'ya'yansa uku, ya ce, "Ina so in ga fuskokinku kafin in mutu. Motar nan kaɗai za ta iya kai ni."

Babban, Sallau, mai gyaran injin niƙa ne, bai taɓa buɗe giyar mota ba. Amma ya shiga ƙarƙashinta, ya wuni a kwance mai yana ɗiga masa a fuska, har ya sauko da akwatin giyar. Washegari ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da yake bai san cikinta ba, duk ƙarfen da ya zaro sai ya ajiye shi kusa da na gabansa, ya zana masa alama da alli, don ya mayar da su yadda ya same su. Malam Barau na zaune yana jin ƙarar sifana. Can wajen azahar ya ji ɗansa ya ce, "Baba, ga ɓarawon!" Ya sa masa wani ƙarfe mai haƙora a hannu. Tsoho ya bi shi da yatsa, ya ji gurbin haƙori uku da suka karye. Ba don Sallau ba, da ba wanda ya san inda ciwon yake.

Irin wannan ƙarfe ko a birni sai an sha nema. Na biyun, Jatau, maƙeri ne. Ya karɓa, ya jujjuya, ya wuce maƙera. Ya yanko guntun ƙarfen sifirin na mota, ya sassaƙa haƙori uku, ya fafe musu gurbi, ya dasa su, ya zuba musu narkakkiyar tagulla. Ya kwana biyu yana gyara su da magagari, yana gwadawa da 'yan uwansu, har idan ka rufe ido ba ka rabe sabo da tsoho. Sannan ya gasa su, ya tsoma a man gyaɗa don su yi tauri. Ba don Jatau ba, da giya ta zauna da giɓinta.

To, ran Laraba maza sun tafi sallar la'asar, hadari ya haɗo. Matar gidan, Inna Tabawa, ta fito ta ga ƙarafa baƙi ƙirin a kan tabarma, ruwa na shirin dukansu. Ta kwashe su kaf ta zuba a daro. Da ta ga dauɗar ta yi yawa, ta kawo toka da soso ta wanke su tas kamar tukwanen biki.

Sallau ya dawo ya ga tabarma wayam, ya ɗora hannu a ka.

"Inna! Ina jerin? Ina allin?"

"Allin me? Ga su can suna walƙiya. Ko sannu ba za ka ce mini ba?"

Malam Barau ya ce, "Tabawa, kin wanke mini ido da toka."

"Haba Malam, da na bar su ruwa ya ci, ai da ka ce ni ce."

Ƙarafa sun fi sittin, manya da ƙanana, zobba da washa da boris, wasu kamar tagwaye. Tsoho ya ji gidan ya yi tsit, ya san ta ɓaci.

Sai autarsu Kuluwa, mai ɗinkin hula, ta ajiye allurarta. Ita duk kwanakin nan a bakin tabarmar take zama da ɗinkinta, kuma idonta ya saba: zane in ta gani sau ɗaya, ta riƙe shi zare da zare. Ta ce, "Yaya Sallau, matsa." Ta durƙusa tana ɗauka tana ajiyewa, tana ƙirgawa kamar mai bin zanen hula. "Babba, siriri biyu, mai wuya, zobe. A'a, wannan bakinsa ɗakin Inna yake kallo." Ta jera su layi huɗu, ba ta bar ko washa ɗaya a daro ba. Ba don Kuluwa ba, da aikin yayyenta ya tashi a banza.

Ran Alhamis Sallau ya haɗa, aka ɗora, aka zuba mai. Da asubar Juma'a samarin gari suka tura, Kafi-Raƙumi ta yi tari sau biyu ta kama. Sallau na tuƙi, uban na gefensa yana saurare, Jatau da Kuluwa na baya. Giya ta ɗaya ta shiga, ta biyu ta shiga lumui, tsoho ya ce, "Allahu akbar, muryarta ce!" A rafi na uku ruwa ya kai ƙofa, motar ta fara tangaɗi. Tsoho ya ce, "Sa mata ƙaramar giya, kada ka ɗaga ƙafa!" Nauyin duka ya hau kan haƙoran Jatau, suka riƙe. Ta yi gurnani ta haye, laka na zuba a jikinta. Suka isa likitoci na shirin ɗaure kaya, Malam Barau ne na ƙarshe da aka yi wa aiki.

Washegari aka kwance masa bandeji. Ya ga haske, ya ga mutum uku tsaye a kansa. Ya daɗe yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, ya ce, "Sallau, yaushe ka yi furfura?" Dariya ta cika ɗakin.

Sannan ya ciro makullin motar daga aljihu, ya ce shi ya gama tuƙi, zai ba da ita ga wanda ya buɗe masa ido. Ya miƙa hannu wajen Sallau, ya tsaya. Ya juya wajen Jatau, ya tsaya. Ya dubi Kuluwa. Makulli ɗaya ne, mota kuma ba ta rabuwa uku.

To jama'a, ga wanda ya gano ciwo ya haɗa ya tuƙa, ga wanda ya ƙera abin da babu, ga wadda ta dawo da abin da ya ɓace. A tafin wa Malam Barau zai ajiye makullin nan?