Ranar Da Aka Amsa Wa Egya Kwamena

Akwai wani matashi, Ekow Bentsil, mai zagayawa da baƙi a tsohon gidan bayi da Turawa suka gina a bakin tekunmu. Yana da digiri, yana da baki.

Akwai kuma Egya Kwamena, tsoho mai shara. Ba ya shiga ɗakunan ƙasa da aka tsare bayi a ciki sai ya tsaya a ƙofa ya ce "Agoo", sallamar da muke yi a gidan mutane. Sannan ya yi shiru, yana jiran a ce "Amee".

Ekow ya mai da shi abin dariya a gaban baƙi.

"Egya, yau ma masu gidan sun tafi unguwa?"

Tsohon sai ya ci gaba da shararsa.

Wata Juma'a aka ce za a rufe gidan har Litinin. Da la'asar, baƙi sun watse, Ekow ya koma neman tabarau ɗin wata mata a ɗakin da ake jefa bayin da aka yanke wa hukuncin kisa. Iskar teku ta bugo ƙofa, sakata ta faɗa ta waje.

Ba taga. Waya ba ta kamawa. Ya yi ta duka, ya yi ta ihu, rugugin teku yana haɗiyewa. Mai gadi ya wuce yana kaɗa makullai, bai tsaya ba.

Murya ta dushe. Numfashi ya fara gagara. Ekow ya zube, hannunsa ya faɗa kan karce-karcen da bayi suka yi da farce a bango, waɗanda kullum yake haska wa baƙi. Daidai faɗin yatsunsa.

Kwana uku. Ya san ba zai kai ba.

Can sai ya ji takun silifa. Takun ya tsaya.

"Agoo."

Shiru ya biyo, irin na mai saurare. Ekow ya tattara abin da ya rage a maƙogwaronsa.

"Amee."

Tsintsiya ta faɗi. An daɗe kafin a zare sakatar.

Tsohon ya dube shi, ya ce, "Shekara talatin ina sallama a nan. Ranar da aka amsa, ashe kai ne, mai digiri. Tashi ka sha ruwa."

Ranar Litinin Ekow ya kawo baƙi ƙofar ɗakin. Ya tsaya, ya ce "Agoo". Wani ya yi dariya. Ekow bai shiga ba sai da ya jira.

Darasi: Kada ka raina ladabin da ba ka gane ba. Masu kunne da yawa, mai tsayawa ya saurara shi ne kaɗan. Ku tura wa yaranku su karanta.