Mai Lambun da Ya Binne Ganye

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin rafi, yana da lambun mangwaro. Mutane suna kiransa Baban Keziya, da sunan 'yarsa ta fari. A tsakiyar lambun akwai wani itace ɗan aure, wanda matarsa ta aura da hannunta tun tana amarya. Matar ta rasu, itacen ya ci gaba da haihuwa, 'ya'yansa kuwa zaƙi kamar zuma. Duk wanda ya ɗanɗana sai ya roƙi reshe, shi kuma ba ya hanawa. Yakan yanko da kansa, ya naɗe a ɗanyen ganyen ayaba, ya ce, "Je ka aura, albarkar mai ɗakina ce."

Wata rana da hantsi yana hutawa a gindin itacen, ya ɗaga kai. Hasken rana ya ratsa ganye, sai ya ga zane fari-fari a jikin waɗansu, kewayayye kamar zobe. Ya gane abin, gama ya taɓa jin labarin irin wannan cuta a bakin mahaifinsa. Ya tsinke ganyen da suka nuna alama, ya tona rami, ya binne su, ya tattake wurin. Bai faɗa wa kowa ba.

Da shekara ta kewayo, 'ya'yan itacen suka fito a murɗe, suna zuba tun ba su nuna ba. Malamin gona, wanda tsohon abokinsa ne, ya biyo ta lambun. Ya tsinci ɗaya a ƙasa, ya fere, ya wanke ƙwallon a rafi, ya miƙa masa. Ga zoben nan har a jikin ƙwallo.

Malamin ya ce, "Abokina, ba a ganye take ba, a cikin jikin itacen take. Ba ta da magani. Darɓa, waɗannan ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, su ke ɗaukarta daga wannan itace zuwa wancan. Tana kuma bin reshen aure, ta kwanta shekara biyu ko uku ba a gani. Sai dai a sare, a tone saiwa, a ƙone." Sa'an nan ya ce, "Su wa ka ba reshe?"

Baban Keziya ya sunkuyar da kai. Gida bakwai ne.

Kwana uku ƙafarsa ba ta taka lambun ba. A rana ta huɗu ya ɗauki sandarsa, ya fara bi gida gida. Wani ya yi masa godiya, wani ya juya masa baya. Gida na ƙarshe na Maman Luka ne, wata gwauruwa mai itace uku a bayan ɗaki, da su take ciyar da marayunta. Ya daɗe a tsaye a ƙofa kafin ya yi sallama.

Ya ce, "Maman Luka, reshen da na ba ki yana ɗauke da cuta. Sa'ad da na ba ki ban sani ba. Amma tun bara na ga alama, na ɓoye. Ki gafarta mini."

Ta yi gaba, ya bi ta. Suka zagaya bayan ɗaki, ya koya mata yadda ake ɗaga ganye a gaban rana. Itace na fari lafiya lau, na biyu ma haka. A na uku, wanda ya fi haihuwa, ga zobe. Ta dafa itacen, hawaye ya zubo mata.

Can ta share ido da bakin zanenta, ta ce, "Da ka zo bara, Baba, da ya fi. Amma da ka ƙara shekara, da ukun duka sun tafi. Na yafe. Naka fa, ka sare?"

Ya ce, "Sau biyu ina ɗaga gatari, hannuna yana mutuwa."

Kashegari da safe ya je lambu, ya tarar da Maman Luka da maza huɗu na maƙwabta, kowa da gatarinsa, har da wanda ya juya masa baya. Ta shimfiɗa masa tabarma can bakin rafi, ta ce, "Zauna nan, Baba. Ba sai ka duba ba." Ya zauna yana kallon ruwa, yana jin saran gatari. Da itacen ya faɗi ya yi kuka, ba wanda ya hana shi. Suka tone saiwa, suka ƙone, daga nan suka wuce gidan Maman Luka don sare nata, shi ma ya bi su ya kama aiki. Itace biyar ƙauyen ya rasa a shekarar nan, sauran suka tsira.

Ma'anar wannan misali, ƙaunatattu, ga ta. Cutar nan zunubi ne, wanda yakan kwanta a zuciya alhali a waje ganye kore shar. Hasken rana Maganar Allah ce: sai mun ɗaga rayuwarmu a gabanta muke ganin abin da ke ciki. Binne ganye kuwa shi ne gyaran fuska a gaban mutane, ba ya warkar da kowa. Ku lura, ba mugun mutum ba ne ya baza cutar, mai kyauta ne. Haka fushinmu da tseguminmu da ƙaryarmu suke shiga 'ya'yanmu da abokanmu, tare da alherin da muke yi musu.

Itace ba ya warkewa, amma mu muna da Mai Ceto, Yesu Almasihu, wanda yake tumɓuke zunubi ya bar mai zunubi da rai. Idan kuwa abin da za a sare ya manne wa zuciyarka har hannunka ya kasa, don haka ne Ubangiji ya ba ka 'yan'uwa a ikilisiya. Kada su zo da gori, su zo da gatari da tabarma.

Wataƙila akwai ƙofar da ka daɗe kana wucewa, ka san akwai maganar da ya kamata ka faɗa a gidan. Gaskiya ne, bara ta wuce. Amma itace biyu suna nan da rai. Ka je ka yi sallama a makon nan.