Barau da Rijiyoyin Damina

Akwai wani mutum a Bukkuyum ana ce masa Barau, shi ke kula da reshen wata ƙungiya mai haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi. Kai, Barau akwai taurin kai! In ya ce a'a, ko Innarsa sai dai ta haƙura.

Wata shekara shugaban ƙungiyar, Alhaji Makau, ya kawo sabon tsari: da yawan rijiyoyi za a auna kowane reshe, reshen da ya zo na ƙarshe kuma a sallami mai kula da shi.

Ai kuwa reshen Anka da na Gummi suka duƙufa haƙa tsakiyar damina. Lokacin ruwa na kusa, sara kaɗan ya ɓulɓulo, a ɗaure baki da siminti, a wuce gaba.

Barau kuwa da bazara yake haƙa tasa, sai ya cimma ruwan ƙasa na gaske. Damina na sauka ya ajiye diga.

Makau ya kira shi. "Barau, kowa na aiki kai kana kwance?"

"Alhaji, rijiyar damina rami ce. Ramu kunka aiko ni in tara, ko ruwa?"

"To ka zo na ƙarshe ka gani!"

"In zo mana! Wallahi ba ni gina ma mutane ƙarya."

Na ƙarshen ya zo, aka kore shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga iyali, amma ko haƙuri bai je bayarwa ba.

Da bazara ta zagayo, aka shirya bikin ba reshen Gummi kyauta a wani ƙauye na kan iyakar Bukkuyum. Azahar ta yi, Makau ya ce a jawo ruwan alwala daga rijiyar da reshen Gummi ya haƙa. Guga ya fito da busasshiyar laka.

Wata tsohuwa, Inna Hure, ta dube shi. "Alhaji, ruwa kake biɗa? Tun da sanyi ya wuce, rijiyar Barau muka tahiya."

Ranar nan da taimama Makau ya yi salla, a gindin rijiyar reshen da ya ci kyauta.

Washegari da kansa ya je ƙofar gidan Barau, ya roƙe shi ya koma aiki. Barau ya ce, "Ni koma, Alhaji. Amma daga yau rijiyar da ke da ruwa da bazara kaɗai za a ƙirga."

Darasi: Abin da kake aunawa shi mutanenka za su yi maka. Ka auna amfanin aiki, ba yawansa ba. Ku tura wa duk mai shugabantar jama'a.