Gurbin da Badaru Ya Binne

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gefen Toranke, sunansa Badaru. Gonarsa ta gado tana bakin kogi, daidai inda ruwa ya yi kwana ya haƙa wani gurbi mai zurfi. Saboda gurbin nan kakanni suka kafa ƙauyen. In rani ya tsananta kogi ya koma rairayi, shi kaɗai ke riƙe ruwa har damina ta kewayo.

Wurin yana da kyau, duk wanda ya san shi a lokacin zai gaya maka. Kanya da giyayya da wani tsohon ɓaure sun yi masa rumfa, bado ya rufe gefensa, da yamma balbelu su sauka a rassa kamar an shanya fararen kaya. Mata na ɗiba ta wannan gefe, shanu na sha ta wancan.

Al'adar garin ita ce, ko da itatuwan bakin gurbi a gonarka suke, ba ka sa musu gatari. In yaro ya tambayi dalili, sai a ce masa aljanu ne a ciki, a wuce wurin.

Wajen shekarar 1967 Badaru ya je Wudil ya ga lambunan albasa, ya dawo kansa ya yi girma. Shi ma sai ya kafa jigon ban ruwa, amma inuwar itatuwa ta tsare masa gona. Dama mutumin naku yana ji da kansa cewa ba ya tsoron komai. Ya ce zancen aljanu camfi ne na tsofaffi, kuma a nan kam bai yi ƙarya ba. Inda ya yi wauta shi ne da ya ɗauka tunda babu aljanu, babu dalili.

Matarsa Hansai ta roƙe shi ya bari, ya ce ta tsaya a kan tukunyarta. Mai unguwa ya aiko, ya amsa da cewa gonar ubansa ce. Ranar da ya fara sara, wani tsohon Bafulatani mai suna Bubayero, wanda ke shayar da shanunsa a gurbin duk rani, ya zo ya tsaya a kansa.

Ya ce, "Badaru ɗana, bar batun aljanu. Saiwar itatuwan nan ce ke riƙe da gaɓa. In ka kwantar da su, ƙasar za ta bi su."

Badaru ya share gumi ya ce, "Baffa, in ƙasa ta tafi ai tawa ce ta tafi."

Tsohon ya kaɗa shanunsa ya tafi. Badaru ya sare itatuwan duka, har ɓauren, ya cinna wa kututturan wuta.

Shekarun farko albasa ta yi kyau sosai. Badaru ya riƙa zolayar mutane a majalisa, yana tambaya wai ina aljanun da za su shaƙe shi. Wasu har sun fara cewa ashe yana da gaskiya.

Amma kowace damina ruwa yana ɓantare gaɓar kaɗan kaɗan, yana zuba ta cikin gurbi. Inda da ƙato ke nutsewa ya dawo iya ƙirji, daga baya iya gwiwa. Bado ya mutu, tsuntsaye suka daina zuwa. Badaru yana gani da idonsa, girman kai ya hana shi cewa komai. Wata ambaliya ta zo ta tafi da jigon da rabin lambun, ta shafe wurin da rairayi.

Sai ga farin 1973. Ba Badaru ya hana sama zubar da ruwa ba, wannan kowa ya sani. Amma an sha yin fari a baya, gurbin yana riƙe gari. Wannan karon babu shi.

Mata suka koma tonon rairayi, su zauna suna jiran ruwa ya tsattsafo, su kwasa da ƙoƙo. Hansai don kunya ba ta shiga layi sai kowa ya gama, sau da yawa ta dawo da tulu wayam. Babu wanda ya zagi Badaru, kuma wannan ya fi ci masa rai. In ya iso majalisa hira ta mutu. Gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu Kano, wasu inda ba a sani ba.

Da ya ji Bubayero ma zai tashi, sai ya bi shi ruga. Ya tarar da 'yan shanun da suka rage, ƙasusuwa a waje, sauran sun mutu a hanyar neman ruwa. Badaru ya durƙusa, hawaye na zuba, ya ce, "Baffa, ka yafe mini."

Bubayero ya ce, "Na yafe maka, ɗana, har zuciyata. Sai dai yafiyata ba za ta jiƙa maƙogwaron kowa ba."

Badaru ya tsaya yana kallo har Bubayero da shanunsa suka ɓace. Kafin damina ta dawo unguwarsu ta zama kufai, daga shi sai Hansai, kuma gurbin bai sake riƙe ruwa ba.

Darasi: Kada ka rushe abin da ka tarar ana kiyayewa don kawai dalilin da aka ba ka bai gamsar da kai ba, nemi dalilin gaskiya tukuna. Abu yana iya zama mallakarka amma rayuwar jama'a ce ke rataye da shi, kuma akwai ɓarnar da nadama ba ta gyara ta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gona a bakin ruwa.