Tsakin da Gwamma Ta Yi wa 'Yan Tsaki

Dalilin da ya sa kaza ba ta kallon mutum ido biyu, sai dai ta karkace wuya ta leƙe shi da ido ɗaya kamar wadda aka yi wa magana ba ta ji da kyau ba, a bakin Gwaggo Dela ƙanwar babana na fara jin sa, wata yamma muna ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Yau kuwa tunda kun kwaso mini 'yan tsaki a kwali daga kasuwa, alhali babu wanda ya san cinsu ko shansu a cikinku, dole ku ji shi. Kai Sagiru, ajiye wannan da ka matse a hannu, ba ƙwallo ba ne, rai ne da shi. Ke Hansai, matso kusa.

A da can, tsaye kaza take kallon mutum, ido cikin ido, wuyanta a miƙe kamar taɓarya. Ba ta da ruɗu ko kaɗan. In an zage ta ta san zagi ne, in an ba ta abinci ta san abinci ne.

To, a zamanin nan aka yi wata mata wai ita Gwamma, 'yar masunta. A kwalekwale aka haife ta, a bakin ruwa ta girma. Ku nuna mata kifi ko a bushe yake, za ta gaya muku sunansa da ramin da yake kwana. Amma kaza? Ba ta taɓa riƙe ko gashinta ba. Sai aure ya kai ta tudu, gidan wani manomi mai suna Nomau, garin da babu ruwa sai na rijiya.

A gidan akwai yayar mahaifinsa, Iya Marka, tsohuwa tukuf, babu haƙori ko na magani a bakinta. Abin da ta mallaka a duniya kaza ce guda, wake-wake, jikar jikar kazar da uwarta ta bar mata. Kazar na cikin kwanci sai aka aiko 'yar Iya ta haihu a wani gari mai nisa, a zo a yi mata zaman wanka.

Iya ta ɗaure ƙunshinta, ta kira Gwamma bayan ɗaki.

"Ga amana nan, 'yar nan. Irin uwata ke nan, babu saura. In na dawo na tarar sun mutu, to kin binne mini ita sau biyu."

Gwamma ta ce, "Allah ya kiyaye, Iya. Me zan yi musu?"

"In sun ƙyanƙyashe ki kife su da kwando, su da uwar, kada shirwa ta gan su. Ki sa musu ruwa a kasko. Sannan ki riƙa yi musu tsaki, safe da yamma."

Nan fa ake yin ta. Ku da kuka tashi gaban turmi kun san tsaki: abin da ke saura a rariya in an tankaɗe gari, ɓarzajjen hatsin nan daidai bakin ɗan tsako. Kun kuma san ɗaya tsakin, wanda ake ja da baki in an raina mutum, wanda nake hana ki kullum, Hansai. Mai haƙora yana raba su, ɗaya ya ja shi, ɗaya ya gajarta. Amma a bakin Iya Marka duk ɗaya suke fitowa. Ga shi kuma mutanen su Gwamma ba su daka, kifi suke bayarwa a ba su gari a tankaɗe. Tsaki ɗaya ta sani a duniya.

Ta ce, "Tsaki, Iya?"

"Tsaki mana! Mai laushi za ki fara yi musu. Mai ƙarfi shaƙe su zai yi."

"To me suka yi mini?"

"Me za su yi miki? Da shi suke girma. Ni ma da shi na raini uwarsu. In naki ya ƙare, ki leƙa wajen Kande maƙwabciyarmu, nata ba ya yankewa."

Gwamma ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai kunya ta kama ta. Baƙuwa ce, kullum ana yi mata dariya wai ba ta san gero da maiwa ba. Ta haɗiye tambayar ta ce, "To, Iya." A ranta tana cewa, oh, mutanen tudu! Kowa da irin rainonsa.

Ba a daɗe ba ƙwai ya fashe. 'Yan tsaki suka fito, tiɓis-tiɓis kamar auduga, har da wani ɗan ƙarami na ƙarshe da ɓawo manne a kansa. Gwamma ta gan su zuciyarta ta narke. Ta kife kwando, ta sa ruwa a kasko, ta durƙusa. Ta daɗe a durƙushe. Ta ce, "Ku yafe mini, sa ni aka yi." Sannan ta tsuke baki ta ja ɗan siririn tsaki, mai laushi yadda Iya ta ce.

Kaza ta dube ta ido biyu. Ta dubi 'ya'yanta. Ta sake duban ta.

Da yamma ma haka. Gari ya waye, haka. 'Yan tsaki sai kuka suke, ciu-ciu, ciu-ciu, suna tsattsagar ƙasa babu komai a ciki. Gwamma ba muguwa ba ce, hankalinta ya ba ta cewa mai rai sai da abinci. Ta jefa musu bandar tarwaɗa guda, suka zagaye ta suna kallo. Ta watsa musu dawa tsaba, uwar ta cinye, su kuwa kowace ƙwaya ta fi bakinsu. Sai ta ce a ranta, af, ashe shi ya sa Iya ba ta ambaci hatsi ba. Tsakin nan dai shi ne abincinsu, nawa ne bai ƙosar ba. Ta ƙara masa ƙarfi kaɗan.

Tana cikin ja sai ga Nomau ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya cak.

"Gwamma, ni kike wa tsaki?"

"A'a, maigida, na yara ne."

"Waɗanne yara? Daga shigowata? Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. In kana so ma ka taya ni, nawa ba ya isar su."

Nomau ya dube ta, ya dubi kwando, ya shafa ƙeya. Shi ma ɗin sanin kaza sai a miya. Ya ce, "Iya ce ta ce haka?" Ta ce ita ce. Ya ce, "To, harkarku ce ta mata." Ya shige ɗaki yana waiwaye, ya kasa gane ko faɗa suka yi ko ba su yi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ɗaya ya mutu. Da safe ta ɗaga kwando ta same shi a miƙe gefen kasko, ƙafafu a sanƙare. Sauran sun saki fiffike, idonsu a lumshe. Ƙaramin nan ko kukan ba ya iyawa, sai buɗe baki. Gwamma ta ɗauki gawar a tafin hannu, ta ji ba ta kai nauyin ganye ba. Ta fashe da kuka. Ta ce, "Ko ya yi ƙarfi ne ya shaƙe shi? Ko bai yi ƙarfi ba ne? Wayyo Iya, ba ki nuna mini awon ba!"

Sai ta tuna da Kande.

Kande mace ce mai aiki kamar aljana, turminta ba ya hutawa. Amma bakinta ma ba ya hutawa, ko ƙuda ya gifta sai ta ja masa tsaki. Gwamma ta same ta a tsakar gida tana tankaɗe, faifai a hannu cike da abin da ya saura a rariya.

"Yaya Kande, ki taimake ni don Allah. Tsaki na zo ki sam mini. Iya ta ce naki ba ya yankewa."

Kande ta ajiye rariya. "Wa ta ce?"

"Iya Marka. Ta ce duk unguwar nan in nawa ya ƙare wajenki zan zo."

Da a ce Kande ba ta san halin bakinta ba, da ta gane hatsi ake nufi. Amma mai hali kullum a tsarge yake. Ta riƙe ƙugu. "Lallai tsohuwar nan! Da ni take tafiya a baki har wani gari? Ke kuma 'yar kifi, aiko ki aka yi ki gaya mini?" Ta tattaro baki ta ja wani tsaki, dogo, mai reshe, har akuya ta daina tuƙa.

Gwamma ta tafa hannu. "Allahu Akbar! Wannan shi ne! Ashe ni wasa nake yi. Yaya, zo ki yi musu irinsa ko sau ɗaya ne, kafin su ƙare."

"Su wa?"

"Yaran!"

"Ke kina da yara ne?"

"Na Iya!"

"Iya Marka ta haihu?"

Gwamma ba ta tsaya bayani ba, ta kama gefen zanenta tana ja. Kande ta biyo ta, faifan tankaɗen na hannunta don ta manta ta ajiye, tana cewa, "Yau na ga hauka da rana tsaka. Sakar mini zane!"

Suka isa bayan ɗaki. Gwamma ta ɗaga kwando ta ce, "Ga su. Safe da yamma nake musu, ban taɓa fashi ba, ga shi sai lalacewa suke." Ta durƙusa ta gwada mata yadda take yi.

Kande ta dubi 'yan tsaki. Ta dubi bandar tarwaɗa a ƙasa. Ta dubi bakin Gwamma a tsuke. Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Takaici ya taso mata tun daga ciki, ta ja tsakin da ya fi na farko, ta ɗaga hannu biyu sama za ta yi salati. Faifai ya tuntsure. Tsakin gero ya watsu ko'ina, har kan bayan kaza.

'Yan tsaki suka yunƙura suna tangaɗi, suka faɗa masa da ci.

Gwamma ta zaro ido. "Yaya Kande! Naki har zuba yake yi?"

"Ke, rufe mini baki! Wannan shi ne tsaki, na ƙasan nan! Hatsi, shashasha, hatsi! Shi tsohuwa take nufi!"

"To wanda kika yi da baki fa?"

"Wannan naki ne!"

Gwamma ta zauna daɓas. Ta dubi ƙasa, ta dubi Kande, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyu.

To, ita kaza fa? Ita ce abin ya fi ruɗawa. A lokaci guda zagi ya fito daga sama, abinci ya zubo a ƙasa, kuma ta ji da kunnenta an ce duk sunansu ɗaya. Ta juya ido ɗaya wajen bakin Kande, ko zagin ne. Ta juya ɗaya wajen ƙasa, ko abincin ne. Ta karkata nan, ta karkata can. Wuyan da yake a miƙe kamar taɓarya ya karkace, bai sake komawa daidai ba.

Ƙaramin nan ne kaɗai bai tashi ba. Kande ta taɓa shi da yatsa ta ce, "Wannan ya tafi, ki haƙura." Gwamma ta ce a'a. Ta jiƙa tsakin da ruwa, ta sa ɗan tsakon cikin zanenta wajen ɗumin ciki, ta kai masa a kan yatsa. Bai buɗe baki ba. Ta rasa yadda za ta lallashe shi, ba ta san waƙar kaji ba. Sai bakinta ya yi abin da ya saba, ɗan siririn tsakin nan mai laushi. Shi kuwa tun da ya fito duniya muryar da ya sani ke nan. Ya buɗe ido. Ya buɗe baki. Ya ci.

Da Iya Marka ta dawo ta tarar da su sun yi gashi, suna guje-guje a tsakar gida. Gwamma ta durƙusa ta gaya mata na wanda ya mutu, ba ta rage komai ba. Iya ta ce, "Bakina ne ya kashe shi, ba naki ba." Ta ɗebo tsaki ta watsa tana kiran su yadda ta saba. Ko ɗaya bai waiwayo ba.

"Me ya same su? Sun manta ni?"

Gwamma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya, ba da ke nake ba." Ta tsuke baki ta ja. Sai ga su a guje, ƙaramin nan a gaba, uwar a baya da karkataccen wuya.

Shi ya sa har yau, duk halittar Allah in ka yi mata tsaki ranta ɓaci yake, ban da kaza. Ita da gudu take zuwa. In ta iso kuma sai ta tsaya, ta karkace wuya, ta leƙe ka da ido ɗaya, ta leƙi ƙasa da ɗayan, don har gobe ba ta tabbatar ba ko zagin ta kake yi ko ciyar da ita. Don haka ku tashi ku ɗauko mini rariya, waɗannan na cikin kwali ba za su ƙoshi da kallonku ba.

Ni dai ranar da Gwaggo Dela ta ba ni labarin nan ban yarda ba. Washegari da safe na ɗebi tsakin gero a tafin hannu na ɓoye a baya, na tsaya bakin akurki, na tattaro baki na ja irin na Kande. Kaji suka fito a guje, kowacce da ido ɗaya a kaina. Innata kuwa tana bakin murhu, ta miƙe da muciya a hannu ta ce, "Don gidanku, wa kike wa tsaki da sassafen nan?"

Na buɗe hannuna na watsa. Na ce, "Wanne daga ciki, Inna?"