Riƙon Siddi

Ku matso kusa, ga wata magana da nake so ku raba mini gardama a kanta.

A wata ruga can bayan dutse akwai wata tsohuwa, Inna Daso. 'Ya'yanta huɗu. Autan, ruwa ya ci shi wajen ƙetare da shanu, ya bar matarsa da ciki. Ita ma matar wajen haihuwa ta cika. Aka miƙo wa Daso jariri, aka sa masa suna Siddi. A rugar kuwa babu mai goyo ko ɗaya.

Babban ɗanta Gidado, shi ne mai garke. Da ya ga jaririn ya yi kuka har murya ta dushe, sai ya jawo saniyarsa mai farin goshi, Wule, ya raba ta da ɗan maraƙinta, ya ɗaure ta a ƙofar bukkar uwarsa. Maraƙin ya mutu, Siddi ya rayu. Safe da yamma Gidado zai tatso madara da ɗuminta, Daso ta ɗura wa yaro. Ba a tafasawa. A wurinsu in ka ɗora madara a wuta, hantsar saniya ka ƙona, sai ta ƙafe. Haka suka gada. Da Wule ta fara tari tana ramewa, Gidado ya gani, ya yi shiru, don ba shi da wata mai nono kamarta.

Siddi ya tashi, ya fara bin 'yan maruƙa da 'yar sandarsa. Sai wuya ya kumbura. Sai zazzaɓi, sai rama, sai baya ya fara lanƙwasa. An yi turare, an yi rubutu, an kai shi asibiti an dawo, ba a gane kan abin ba.

Ɗan Daso na biyu, Njobdi, shi ke kai shanu kasuwa, yana jin abin da malaman dabbobi ke faɗa. Ya ce, "Inna, ciwon nan daga Wule yake."

Daso ta ce, "Rufe mini baki. Wadda ta shayar da shi za ka yi wa sharri?"

Gidado ya ce, "Ka sha shayin birni kwana biyu, ka zama likita. Da me aka raine ka, kai?"

Njobdi ya tafi ya faɗa wa hukuma. Suka zo da mota, suka gwada shanu, suka ce tarin fuka ne, kuma ta ɗanyar madara yake shiga jikin yara. Da wannan bayanin likita ya gane ciwon Siddi, aka sami maganin da ya dace. Amma hukuma ba ta tsaya kan Wule ba. Duk saniyar da aka samu da cutar, ta rugarsu da ta maƙwabta, aka loda aka tafi. Aka hana sayar da nonon da ba a tafasa ba. Daso da idonta ta ga ana kifar da ƙoren mata a bakin kasuwa, nono na bin kwata. Diyyar da aka ce za a bayar, har yau shiru. Rugar ta watse. Njobdi kuwa, ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Ta ukun mace ce, Takko, tana aure a gari. Maganin na wata da watanni ne, in an tsallake sai ciwo ya dawo, ruga kuma ta yi nisa da asibiti. Takko ta ɗauki yaron ta kai gidanta. Mijinta ya ce, "Ba za ki kawo mini tari cikin 'ya'yana ba. Ko shi ko gidan nan." Ta goya Siddi ta fita, ta bar nata 'ya'yan suna kuka. A rumfar masu jinya ta zauna, tana yi wa mutane wanki, tana ba shi magani yana tofarwa tana sakewa, har tarin ya bar shi.

Siddi ya rayu, amma bayan bai miƙe ba. Ba zai yi kiwo ba har abada.

Yanzu Daso ta kwanta, ta san ba tashi za ta yi ba. Ta tara su ukun. Kowa ya ce shi za a ba riƙon yaron. Tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin kunnenta.

Gidado yana da 'yan shanun da suka rage, yaro ba zai kwana da yunwa ba. Amma har gobe yana rantsuwa ƙarya aka yi wa Wule, kuma a gidansa ba a tafasa madara.

Njobdi ya san hanyar asibiti, ya san abin da za a kiyaye. Amma duk inda Siddi ya bi za a nuna shi a ce ga wanda saboda shi aka kwashe mana dukiya, ga kuma wanda ya kira hukuma.

Takko ita yaron ke riƙe wa zane, ita yake kira Inna. Amma ba ta da ɗaki, ba ta da miji, ba ta da ko akuya.

Numfashin Daso yana ƙarewa, suna jira.

To, ku da kuke zaune, ba don madarar Gidado ba, da bakin Njobdi, da bayan Takko, da babu Siddi. Wa za ta miƙa wa yaron nan a cikinsu?